Majigin Kwali da Farin Yadin Inna Dije

Abin da ya fara ɗaukar idona wani ɗan ƙyalli ne a cikin baron mai jari-bola, a bakin shagon hoto-kwafi da nake aiki a hanyar Kongo. Lokacin ban daɗe da gama difloma ba, ina haya a wani ɗaki a Tudun Wada. Na tsayar da mutumin, na tona ƙarafunan, sai ga wani gilashi kewayayye mai kauri, faɗinsa kamar bakin kofi, irin wanda ake cirowa daga tsofaffin na'urorin haska darasi. Na ɗora shi a kan tafin hannuna, zanen hannun ya zama kamar titunan mota. Wallahi abin da zan faɗa muku ya faru da ni, ba a littafi na karanta ba, ko da yake na san waɗanda suka san ni za su ce ai dama littattafan soyayya sun gama da kaina. Su ce. Ni dai na gani, kuma mu uku ne a wurin.

A lokacin ina neman wata yarinya a layinmu, Ummita. Kada ku sa ni kwatanta ta, don sai mu wuni. Idanunta dara-dara, in ta yi murmushi sai kumatunta su lotsa, in ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi sai in manta abin da na haddace a hanya. Marainiya ce, kakarta Inna Dije ce ta rene ta, ita da yayanta Nasiru, kuma kowa ya san bakin Inna ne zai ba da ita. Sauran masu zuwa wurinta ba su san komai ba sai turare da atamfa, kamar masu kai kaya shago. Ni kuwa da na riƙe gilashin nan sai wani tunani ya zo mini. Ina da hotuna da bidiyon walimar saukarta a wayata. Zan haɗa majigi da hannuna, in haska ta a bango, ta ga kanta da girman da take da shi a zuciyata, kafin in tura manya.

Sati uku na yi ina fama. Na samo kwalin takardun hoto-kwafi, na shafe cikinsa da baƙin fenti, na yanke rami da reza, na cusa guntun bututun roba, na ɗaure gilashin a bakinsa da salatif yadda in na tura bututun gaba ko na ja shi baya hoto zai fito tas ko ya dushe. Gwajin farko Ummita ta fito mini a kife, ƙafa sama kai ƙasa. Na kife wayar, ta miƙe, amma kalaman da na rubuta mata a ƙarƙashin hotunan suka fito a birkice. Sai da na fasa madubin askina na jingina shi a karkace cikin kwalin sannan komai ya zauna. Hasken ba shi da ƙarfi, dole sai ɗaki ya yi duhu ɗulum, kuma dole sai bango fari.

Nan ne Nasiru ya shigo labarin, kuma da ma bai shigo ba.

Ban taɓa ganin mutum mai yawan baki da ƙarancin amfani irin Nasiru ba. Gajere ne, kullum cikin farar shadda mai sitati, da agogon da ya daɗe da tsayawa, amma sai ya riƙa duba shi in ana magana. Sau ɗaya ya raka wani ɗan kasuwa Legas, tun daga nan babu abin da za ka ambata bai gani a Legas ba. Ba shi da sana'a sai zama a dakali yana raba wa mutane shawara. Amma shi ne yaya, ba na ganin Ummita sai a zaurensu, kuma sai yana nan, don haka dole in kira shi Yaya Nasiru ina haɗiye abin da ke bakina.

Da na nuna masa kwalin sai ya yi dariya har da buga cinya.

"Wannan ne majigin? Kwalin takarda? Ɗan soyayya, a Legas wanda na gani sai mutum huɗu suke ɗauka."

"Yaya Nasiru, yana aiki. Farin bango kawai nake nema."

"Bangon zaurenmu fa? Duk hayaƙi ne da guntattakin fastocin 'yan siyasa. Bar ni da shi, zan samo maka farin ƙyalle. Amma ka sani in ya yi kyau, da shawarata aka yi."

Muka sa ranar Asabar bayan azahar, ranar da Inna za ta je barkar haihuwa Gyallesu, don ita ba ta son hayaniya a zaure. Na zo da kwalina a rungume kamar jariri. Muka toshe ƙofar waje da tabarma da bargo, muka cusa tsumma a 'yar tagar sama. Nasiru ya shiga cikin gida ya fito da wani farin yadi a ninke, sabo fil, ninkin har ya yi kaifi. Da ya warware shi sai wani ƙamshi ya cika zauren, kafur da tsohon turare, irin ƙamshin adakar tsofaffi.

"A ina ka samo?" na tambaye shi.

"Kai dai haska. Tambaya ta yi maka yawa."

Ya kafa shi da ƙusa huɗu, yadi ɗaya ne dogo, ya ninka shi biyu don ya yi kauri. Wannan da idona na gani, ku riƙe shi. Sannan Ummita ta fito ta zauna a bakin tabarma, kusa da kwalin, ni ina tsugune a bayansa, Nasiru ya hakimce a kan kujera yana duba mataccen agogonsa.

Na ƙure hasken wayar, na sa ta a ciki, na rufe. Sai ga Ummita a jikin yadin, cikin farin hijabin walima, fuskarta ta kai faɗin ƙofa, furannin da na jera suna zagaye da ita. Na ji ta ja numfashi ta ce, "Ni ce wannan?" Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Har na fara hango mu a tsakar gidanmu, da bishiyar lemo, da yara biyu.

Nasiru ne ya ce, "Gilashinka da datti. Ga wani abu can a ƙasa."

Na duba. A ƙasan yadin, ƙarƙashin hoton Ummita, akwai wani abu dogo a kwance, dishi-dishi, daga wannan gefe zuwa wancan. Na tsayar da bidiyon, na goge gilashin da bakin rigata, yana nan. Na buɗe kwalin na leƙa fuskar wayar, babu komai sai Ummita da furanni. Na rufe, yana nan. Sai na ce bari in gyara bututun, na fara jan shi baya a hankali. Fuskar Ummita ta fara dushewa, shi kuma abin ya fara fitowa.

Ƙafafu ne suka fara bayyana. Ƙafafun namiji, tafin ya yi fari, an haɗa manyan yatsun biyu an ɗaure da siririn ƙyalle. Kowa ya san wa ake ɗaure wa yatsu haka. Ni ban san abin da ya hana hannuna tsayawa ba, na ci gaba da ja, ƙauri ya fito, gwiwa ta fito, hannaye a miƙe a gefe, ƙirji ba ya motsi, haɓa a ɗaure. Saura kaɗan fuska ta fito, Ummita ta kifa tafin hannunta a kan gilashin.

Zauren ya yi baƙi. Hotonta ya ɓace nan take. Amma na rantse da Allah, mutumin nan ya ƙara kamar numfashi biyu a jikin yadin, ba tare da wani haske ba, sannan ya tafi.

Jarumin Legas kuwa tuni ya kifar da kujera, ya yi ƙofa, ya rungumi tabarma da bargo suka zube tare, takalminsa ɗaya a hannuna na gan shi, ban san yadda aka yi ba. Hasken rana ya shigo, kuma a bakin ƙofar Inna Dije ce tsaye da sandarta, ta dawo da wuri.

Ba ta kalle mu ba. Bangon ta kalla.

"Wa ya buɗe mini adaka?"

Ta juyo ga Nasiru.

"Nasiru, da kai nake. Likkafanina ne wannan. Daga Makka na zo da shi, da zamzam na wanke shi, shekara da shekaru yana jirana. Shi kuka kafa wa ƙusa kuna kallo?"

"Inna, wallahi shi ya matsa mini," Nasiru ya nuna ni. "Na ce masa bangon ma ya isa, ya ce sai fari."

Kun ji irin mutumin.

Inna ta taka a hankali ta kama ƙusar farko ta zare. Yadin nan da muka kafa guda ɗaya sai ya sulmiyo ƙasa gunduwa-gunduwa, kowane yanki a miƙe sumul kamar tela ya auna. Ta tsuguna tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ga zane, ga riga har an fasa wuya, ga manyan mayafai. Na ƙarshe da ta ɗaga siriri ne dogo.

"Rawani," ta ce. "Ba a yi wa mace rawani. Ni ban taɓa sa masa almakashi ba."

Ummita ta fara kuka ƙasa-ƙasa, ta gaya mata abin da muka gani. Inna ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ɗauki babban mayafin ta auna shi da hannunta, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, kamu-kamu, leɓenta yana motsi. Da ta gama ta dubi Nasiru daga sama har ƙasa, ta dube ni daga sama har ƙasa. Ni dogo ne, na ba shi kusan taƙi biyu.

"Inna, kamu nawa ne?" Nasiru ya tambaya, muryarsa kamar ta ɗan akuya.

"Ba a tambaya."

Ta ninke su ta rungume. A bakin ƙofar cikin gida ta juyo gare ni, kuma ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ya fi ciwo.

"Ɗan nan, na san ba kai ka ɗauko ba, na san halin nawa. Amma maza biyu ne a ɗakin nan, kuma likkafanin nan na ɗayanku ne. Shi jinina ne, ba yadda zan yi da shi. Ita kuwa ba zan kai ta inda za ta shiga takaba da lallen aure a hannu ba. Ɗauki kwalinka. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Na tura kawuna, na tura limamin layinmu ya gaya mata babu wanda ya san gaibu sai Allah. Ta ce ta yarda, amma amsarta tana nan. Ummita ta aiko mini da littattafan da na ara mata a cikin leda, babu ko 'yar wasiƙa a tsakiya, na zazzage su shafi-shafi. Bayan shekara aka ɗaura mata aure da wani ma'aikaci a Hanwa, mutumin da na tabbata bai taɓa rubuta mata layi ɗaya ba. Kwalin na ƙona shi. Gilashin na jefa a kwata, na ji ƙararsa.

Shawarata gare ku, masu son haɗa abu da hannu, ku haɗa, ba laifi. Amma duk farin ƙyallen da ba ku ga inda aka yanko shi ba, kada ku haska komai a kansa. Kuma in tsohuwa ta kulle adaka, ku bar mata.

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan. Inna ta rasu, a sabon yadi aka sa ta, kuma har ta tafi ba ta faɗi kamu nawa ta ƙirga ba. Adakar tana ɗakinta da wancan likkafanin a ciki, ɗakin kuma Nasiru ne ya gada, amma ba ya kwana a ciki, a zaure yake shimfiɗa. Tun daga ranar bai ƙara sa farar shadda ba, ko ranar Idi. Ba ya hawa babur, ba ya zuwa jana'iza, Legas kuma ta fita daga bakinsa. Awo ɗaya zai raba mu, shi gajere ni dogo, amma ya kasa buɗewa. Sau ɗaya ya zo shagona ya ce in zo mu auna tare, na ce ya je ya auna shi kaɗai tunda shi ya san hanyar adakar.

Har yanzu yana nan a dakalinsu, ya rame, ya yi furfura tun ba lokaci ba. Duk ranar da na bi ta layin sai ya taso da sauri ya kama hannuna da hannu biyu, ya dube ni daga kai har ƙafa, ya ce, "Ya jikin? Ba ka jin komai dai ko?"

Nakan ce masa lafiya ƙalau, Yaya Nasiru. Sai in ga fuskarsa ta faɗi. Ni ma kafin in saki hannun nakan saci kallon yatsun ƙafarsa.