Karen da na ɗaura a bayan amalanke

Wani Buzu da ke sauke raƙumansa a gonata bayan girbi ne ya bar mini ɗan kwikwiyo, wai tukuicin karan gero. Kafin shekara ta zagayo ya zama ja, dogo, mai siririn ciki, kuma ba shi da aiki sai murna. Duk wanda ya shigo gidan sai ya daka tsalle ya dafe masa ƙirji yana neman lasar fuska. Bai taɓa cizon mutum ba, amma a ƙauyenmu na kusa da Falanko yawun kare a jikin riga ba ƙaramin abu ba ne.

Wata Juma'a ya dafe kawuna, ƙanen mahaifiyata, daidai lokacin da ya fito cikin farar shadda zai tafi masallaci. Tsohon ya faɗi zaune cikin kashin awaki. Ya tashi ya nuna ni da sanda.

"Kai ɗan nan, ran kasuwa in ban gan shi a igiya yana bin ka kamar tunkiya ba, wallahi da taɓarya zan fasa mai kai."

Na san kawu, ba ya rantsuwar banza. Kuma ina son karen nan, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba, kar a yi mini dariya.

Na sa masa igiyar kaba, ya tauna ta. Na sa ta roba, ya yi ta zagaye ni yana naɗe mini ƙafafu har na kifa. Ni kuwa mutum ne mai saurin hannu. Na karyo tsumagiya na zane shi har ta ragargaje, yana kuka, ina zagi. Ina tsayawa ya rarrafo yana kaɗa wutsiya zai lashe ni, abin ya ƙara tunzura ni.

Saura kwana biyu kasuwa na ce bari in yi masa horon da na iya. Mu nan, maraƙi mai gardama a bayan amalanke ake ɗaure shi, sa ya ja shi zuwa rijiya da dawowa, ya turje har ya gaji ya bi. Maraƙi a ƙaho ake zarge shi. Kare ba shi da ƙaho, sai na yi masa zargen a wuya, ban ko tsaya tunani ba.

Na ɗaura wa sana amalanke, na ɗaure igiyar karen a baya, muka kama hanyar rijiya da jarkoki. Da farko yana ta tsalle, ya ɗauka wasa ne. Can ya kutsa ƙarƙashin amalanken ya cafki san a ƙafar baya. Sa ya zabura. Jarkoki suka watse, akala ta suɓuce mini, muka yanki daji. Na waiga na ga karen a kwance ana jan sa kan tsakuwa da ƙarangiya, zarge ya nutse cikin wuya, harshe waje, idanu sun firfito, jini yana bin mu a kan rairayi. Na rarrafa baya, na zaro wuƙa na yi ta gurzar igiyar, ita kuwa roba ba ta yankuwa da wuri. Tana tsinkewa ni ma na faɗo, kafaɗata ta goce.

Na iske shi fatar haƙarƙarinsa ta saluɓe, ko motsi ba ya yi. Da hannu ɗaya da haƙora na sassauta zargen, bakina duk jininsa. Ya ja wani numfashi mai ƙara kamar zugazugi. Na naɗe shi a rigata na kai shi gida ina hawaye. Matata ta wanke raunukan da ruwan bagaruwa.

Ran kasuwa na sa masa igiya sako-sako muka wuce ta ƙofar kawu. Yana ɗingishi a bayana, kai sunkuye. Kawu ya gyara zama a tabarma.

"To, ka gani? Dabba sai ta sha wuya. Madalla, ya tsira."

Ya tsira kam. Raunukan suka warke, tsalle ya ƙare. Sai wata rana da azahar wani mai tallan gishiri ya yi sallama a ƙofa. Karen ya miƙe, ya miƙa wuya, ya yi ta buɗe baki yana rufewa, iska kawai ke fita. Matata ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Ka kashe mai murya," in ji ta.

Shekara shida ya ƙara yi a gidana, yana bi na a igiya duk inda na nufa, ban sake jin muryarsa ba.