Audugar da ke cikin aljihun maharbi

A gidanmu na Ƙofar Wambai ba a hura wuta don tatsuniya. Garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo shi muke zagayewa, da an idar da magariba. Kaka ta miƙe ƙafafunta, ta ɗora faifan auduga a cinya tana cire gurya. Kakanmu, Baba Tsoho, yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsa yana murmushi. Kullum murmushi yake yi, ko ana faɗa.

"Ku matso, ja'irai, ba zan ɗaga murya ba," in ji Kaka. "Na ƙarar da ita a kan wancan tsohon."

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ta wani maharbi ce mai bindigar adaka. Kullum zai fita daji, matarsa ta murza auduga da kakin zuma ta toshe masa kunnuwa. Shi kuwa da ya wuce ganuwa sai ya cire ya jefa a aljihu, wai in ya kwantar da kuncinsa a gindin bindiga audugar tana sosa shi, saiti ba ya zama. In ya dawo, ya shigo gida kamar mutumin kirki.

To, ashe duk harbi ɗaya, bindigar sai ta ɗauke masa sauti ɗaya. Ta fara da kukan sauro.

"Ya ce madalla!" Kaka ta tafa hannu, mu kuma mu kwashe da dariya. Sai kukan gyare. Sai mitar matarsa, nan ma ya ce madalla. Sai kiran asuba. Daga nan Kaka ba ta ƙara tafa hannu.

Wata rana 'yarsa ta bi shi da ƙwaryar fura, ta faɗa wani tsohon ramin gini ta karye. Ya dawo ta gefen ramin, tana ganin hularsa, tana kiran "Baba! Baba!" Ya wuce abinsa. Sai washegari kare ya gano ta. Da matar ta zo wanke rigarsa, ta tarar da audugar kwana da kwanaki a aljihu, fara fat, babu ko ɗigon dattin kunne.

Sai da na yi wayo na lura da yadda Innata take jan ƙafar hagu, da yadda Kaka ke kallon bakin ƙofar Baba Tsoho in ta zo wajen ramin. Ban taɓa tambaya ba.

Yanzu ina Gwallameji da mijina da 'yarmu Hanifa. Mijin nawa mai gadin gandun daji ne. Bara aka ba su bindiga mai madubin hange, ana kai su atisayen harbi, aka kuma raba musu marufin kunne mai kama da ƙoƙo biyu. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma ina da ido. Na ga rediyo ya ƙara ƙara a gidan. Na ga in na yi magana ta damarsa sai ya juyo da duk kansa ya ce, "Na'am?" Ranar da Hanifa ta fara cewa "Baba", tana kafaɗarsa ta dama. Sau uku ta faɗa. Yana ta danna waya.

Na ce, "Baban Hanifa, ƙoƙunan nan kana sa su kuwa?"

"Ina sawa mana."

"Duka biyun?"

Ya ce in ya kwantar da kunci zai leƙa madubi, na dama yana karo da gindin bindiga, ya ɗage, saiti ya ɓaci. Shi ya sa yake ture shi baya. Kowa haka yake yi, in ji shi.

Sai na tuna da maharbin nan. Na ɗauka labarin nan an binne shi tare da Kaka.

Na murza masa auduga, ya yi dariya ya ce ba ta tare ƙarar irin wannan bindiga. Sai na goya Hanifa na hau keke zuwa Wunti, shagon wani ɗan kudu mai sayar da hular kwano da takalman leburori. Ya fito da wasu 'yan soso guda biyu.

"Madam, ka murza shi ya zama siriri, ka ja kunne sama, ka tura, ka riƙe kaɗan. Shi zai kumbura da kansa. Ba ya taɓa bindiga."

Na gwada a kunnena, hayaniyar Wunti ta koma can nesa. Na koya wa Baban Hanifa, yana cewa na cika tsoro. Na ce e, na cika.

Da muka je asibiti sun ce jin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare saura. Na gaji da maimaita magana, kuma na fara jin muryata tana zama irin ta Kaka. Hanifa kuwa a kafaɗarsa ta hagu nake ɗora masa ita.

Da muna yara mun ɗauka darasin na maharbi ne. Yanzu na ga mu mata Kaka take koya wa inda ake dubawa. Duk ranar atisaye, kafin in jiƙa kakinsa na aiki, sai na laluba aljihu. Jiya na ciro 'yan soson nan sun yi baƙi, duk dattin kunne, duka biyun. Na zauna a bakin baho na daɗe ina kallonsu.