Gyaran da Kibwana Ke Yi a Ƙarƙashin Tirela

Shekara ashirin da shida Mzee Kibwana yana jan tirela daga Dar es Salaam zuwa Lusaka, har zaman kujera ya danne masa jijiya. Ciwon kan taso daga ƙugu ya gangara ƙafa kamar garwashi. Likita ta ce ya riƙa kwanciya rigingine yana jawo gwiwa zuwa ƙirji.

Dattijo da furfurarsa ya ɗaga ƙafa a gaban direbobi? Ina. Sai ya zama duk sanda layi ya tsaya a iyakar Tunduma, yakan ja kwali ya shige ƙarƙashin motarsa. Sannu a hankali ƙafar ta saki.

Rannan abokinsa Mwakyusa ya leƙo da sifana a hannu.

"Mzee, me ya lalace kuma?"

"Motar ƙalau take. Direban nake gyarawa."

Mwakyusa ya yi ta dariya har nasa ƙugun ya riƙe, ya kasa miƙewa. Kibwana ya matsa masa wuri a kan kwalin.

Yanzu in layi ya tsaya, direbobi bakwai ke kwanciya, a fili, ƙafafu sama. Kibwana ke ƙirga musu, kuma ba ya yafe wa kowa ko ɗaya.