Robar Yaya da Hucin Baba

Yayata masaniyar sinadarai ce, ni kuwa daga aji uku na ce wa boko sai wata rana. A gida Mai Roba muke kiranta, don aikinta ke nan: haɗa wata irin roba da wutar lantarki ke bi ta cikinta. Nakan ce mata duk wannan digiri, ƙarshenta bokiti za ta yi mana. Takan jefe ni da takalmi.

Abin dariyar, Babanmu mai gyaran wuta ne. Tun tasowarmu karatunsa guda: roba ce ke tsare mutum daga wuta. Sai ga 'yar cikinsa tana koya wa roba cin amana. Ya ce shi sai ya gani da idonsa. Idon kuwa sai dushewa yake, ga ciwon zuciya ya kwantar da shi.

Na taɓa leƙa ɗakin gwajinsu. Hannayenta na cikin dogayen safar da ke manne da wani rufaffen akwati, tana ɗiga shuɗin ruwa kan gilashin da bai fi farce ba. In ya bushe ya zama ɗan makunni, wai transista, mai buɗe wa wuta hanya ya rufe. Aibinsa ɗaya, ɗan danshi ya isa ya kashe shi. Shekaru tana sauya haɗi, yana mutuwa.

Da jikin Baba ya yi tsanani ta kasa jira. Ta kawo guda gida cikin rufaffiyar kwalba, da batir da ɗan ƙwan fitila. Tana fito da shi, ta juya ɗauko wayar wuta, Baba ya ɗauka ya kai kusa da ido. Ya hura masa hucin bakinsa, ya goge da hannun riga, yadda yake wa gilashin mita tun yana saurayi.

Na ga fuskar Yaya. Duk da haka ta haɗa shi da batir da ƙwan. Ƙwan ko ƙiftawa bai yi ba.

"Ya kama ko, uwata?" in ji Baba, yana kallon inda ba nan fitilar take ba. "Ai na ga haskensa."

"Ya kama, Baba."

Baba bai ga ƙarshen watan ba.

Bara ta dace da haɗin da ke jure danshi. Abokan aikinta sun ce mini kafin ta gwada kowane sabon gilashi, sai ta hura masa huci ta goge da hannun riga. Sun ɗauka sabuwar dabarar gwaji ce. Ban gaya musu ba.