Yawun Dogo

Kawuna tela ne, kuma tun tasowata ban san shi da hassada ba. Dogo, abokinsa da suke shago ɗaya tun suna samari, ya riga shi sayen keken ɗinki mai lantarki, ya riga shi gina gida, Kawu ko a jikinsa. Sai ga shi da furfurarsa yana ƙyashin yawun bakin mutum.

Ciwon daji ne ya kama Kawu a maƙogwaro. A lokacin na'urar gasa ciwon ɗaya ce a asibitin, tsohuwa, mai sakar wa wuya haske ta dama da hagu, ta ƙone ciwon ta haɗa da duk abin da ta tarar a hanya. Ciwo ya tafi, mun gode Allah, amma ya tafi da yawun Kawu. Burodi sai ya jiƙa, magana sai ya kurɓi ruwa, gorar ruwansa kuwa har matarsa na kiranta autarsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne zare. Mutumin da ke lasar bakin zare ya zura a allura ko bai duba ba, ya koma tsoma yatsa a murfin gora.

Bayan wasu shekaru muryar Dogo ta fara dishewa. Kawu ne ya gane, ya tasa shi gaba har asibiti. Ciwo iri ɗaya, sai dai an kawo sabuwar na'ura. Likita ta ce wannan zagaya kai take yi, tana auna haske daidai da siffar ciwon, tana kauce wa inda yawu ke fitowa gwargwadon iko. Kawu ya tambaya ko za ta iya dawo masa da nasa. Ta ce abin da ya ƙone ya riga ya ƙone.

Dogo ma ya sha wuya, ya rame, ya dawo shago riƙe da tasa gorar yana kukan bushewar baki. Gaskiya Kawu ya ji daɗi, ni na gani a fuskarsa. Ya zama malami, yana koya wa Dogo yadda ake kurɓa kaɗan-kaɗan, yana cewa sabuwar na'urar nan suna ne kawai.

Wata rana Kawu ya fita sayen maɓallai, ya manta samfuri ya dawo. Ya tarar da Dogo yana gurgurar busasshen biskit, gorarsa a cike, sannan ya lashi zare ya zura. Ashe bakinsa ya daɗe da dawowa.

Kawu bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juya kekensa ya fuskanci bango. A gida ya dinga mita, wai shi aka yi gwaji da shi, wai shi ya gano ciwon amma wani ya ci riba. Ya ce in nemo masa mai kura ya kwashe kayansa daga shagon. Na ce yanzu a kan yawu zai raba abotar da ta girme ni? Ya ce don ina da shi ne nake raina shi.

Ranar da mai kura zai zo, Dogo ya ajiye gorarsa a kan teburin Kawu.

"Don kada ka ji babu daɗi nake yawo da ita," ya ce.

Kawu bai waiwayo ba. Riga ɗaya ta rage ya ƙarasa, zaren ya tarwatse a baki, ya ƙi shiga. Ya gwada, ya sake gwadawa, mai kura na tsaye a ƙofa. Can ya miƙa zaren ta bayan kafaɗa.

"Tunda kai aka bar wa, lasa mini."

Har yau suna shagon, kuma har yau Kawu ba ya kallo idan Dogo na lasa.