Cikon da Auta Ya Kashe

Duk layin nan Anti Mai Surfani ake kiranta, ƙannenta kuma Yaya. Shagonta ɗan tsukuku ne: benci, madubi mai tsaga, keken surfani da wata tsohuwar kwamfuta mai tari kafin ta tashi. Da keken nan ta ciyar da gida, da shi ta tura autansu koyon gyaran kwamfuta.

Keken yana da taurin kai, ba ya karɓar zanen surfani sai daga tsohuwar kwamfutar, ita kuma burauzarta, manhajar da ke buɗe shafukan intanet, ta tsufa. Da shafin da Yaya ke sauko da zane ya sabunta kansa, sai ya daina buɗewa. Auta ya zo ya sa mata wani ɗan ƙari, polifil yake ce masa.

"Ciko ne, Yaya. Abin da burauzar ba ta iya ba, shi zai yi mata."

"Faci ke nan. To faɗi haka mana, malamin turanci!"

Aiki ya ci gaba lafiya lau, har wata safiya shafin ya fito fari fat. Auta ya duba, ya girgiza kai kamar likita.

"Zamani ya wuce ta, Yaya. Cikon ma ya gaza. Kawo in kwashe ta da keken, ko wani zai so ƙarafan."

Ta yarda. Wa za ta yarda da shi in ba yaron da ta goya ba? Ta koma cin bakin zani da sa zif da hannu, masu kawo mata aiki suka watse ɗaya bayan ɗaya.

Ran nan ta je duba matar Auta da aka ce tana zazzaɓi. Tun daga ƙofa ta ji ƙarar da ko a barci za ta gane. Ga kekenta a falo yana zuba fure a wuyan riga, ga shafin a buɗe tar.

"Sannu da zuwa, Anti! Ai kwamfutar ba ta lalace ba," in ji yarinyar, baki har kunne. "Ɗan cikon nan ne a kashe, Auta ya kunna shi kawai. Ya ce ke kika gaji da sana'ar."

Auta ya fito daga ɗaki, ya tsaya ƙiƙam.

"Yaya, bari in yi miki bayani..."

"Kai ka kashe shi?"

Ya sunkuyar da kai, mara kunyar banza.

Keken ya fi ƙarfin ɗaukarta, kuma ko ta kai kwamfutar gida ba abin da za ta ɗinka da ita. Duk da haka ta zare wayoyin, allura ta tsaya a tsakiyar fure. Ta naɗe gyalenta ta yi gammo, ta ɗora kwamfutar a ka.

"Anti, rigar mutane ce fa!"

"Mijinki gwani ne. Ya yi mata ciko."