Motar da Muka Gine a Cikin Gida

Shekarun baya, maigidana ya sayo wata tsohuwar dubul-kabin, irin mai ƙofa huɗu da bodi a baya. Na ce ya sayo, amma gaskiya jawo ta aka yi. Shanun huɗa ne suka ja ta har tsakar gidanmu a Matamaye, ta wajen da ruwan damina ya kayar mana da katanga.

Na leƙa ciki, kujerar baya babu, gilashi ɗaya kwali ne. Na ce, "Malam, wannan mota ce ko gawar mota?"

Ya ce, "Ke dai ki sa ta a addu'a. In ta tashi, ni da cin rani har abada. Rake zan riƙa ɗaukowa daga Dungu."

Nan ya kama ni. Duk wadda mijinta ke wucewa Kano da an gama girbi, ya bar ta da yara sai hadari ya fara haɗowa, ta san abin da nake nufi.

Ƙarfin sayen sabbin kaya babu, don haka a wannan ranin ma sai da ya tafi. Daga can yake tsinto kayan gwanjo, yana aikowa ta hannun duk wanda zai zo gida. Wani makanike abokinsa kan zo in ya sami sarari. Ya juya ƙarfen, ya yi tsaki, ya ce, "Wannan ai na wata mota ne, amma za a lallaɓa." Haka aka yi ta lallaɓawa har ƙofa ɗaya ta zama shuɗiya, sauran farare. Ni ban san sunan komai ba, sai kunne. In maigida ya kira ya tambayi jikin mota, sai in ce, "Yau ta yi tari sau da yawa, amma ba ta yi magana ba."

Ana cikin haka awakin maƙwabta suka addabe ni, ga gida a buɗe, mai wucewa na kallon tukunyata. Yayan maigida ya ce wannan ba mutunci ba ne, ya kira gayya. Maza suka taru, aka kwaɓa ƙasa, ni da mahaifiyata muka dama fura. Ina kallo katanga tana tashi, mota tana ciki. Wani abu ya ɗan sosa mini rai. Na raɗa wa mahaifiyata, "Inna, to ta ina..." Ta harare ni. "Maza cike da gida, ke ce za ki koya musu gini? Miƙo ludayi." Na miƙa. Na ce a raina wataƙila akwai wata dabara da ake fitar da mota wadda ban sani ba, tunda ban taɓa mallakar ko keke ba.

Maigida ya dawo, ya shigo ta zaure, ya yaba katanga, ya je ya yi wa kowa godiya. Shi da makanike suka duƙufa. Damina ta wuce, rake ya nuna. Wani Alhaji mai garka a Dungu ya ce zai ba shi dakon rakensa, amma in motar ba ta iso kafin ranar kasuwa ba, wani zai ba.

Ina wankin kwanuka da hantsi na ji tarin ya sake. Na yar da soso na ce, "Malam, ta kama!" Kafin in rufe baki ta ɗauka, hayaƙi ya cika gida, kaji suka watse. Na rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka yi ta shigowa. Maigida ya hau, ya sa giya, ya matsa gaba kaɗan, sai ya taka birki. Katanga a gabansa, katanga a bayansa, ga ƙofar zaure da ko jaki da kaya sai ya karkata.

Inji kuwa sai faman aiki yake.

Daga nan shawara ta ɓarke. Wani ya ce a kwance ta a fitar da ita gunduwa-gunduwa. Makanike ya ce, "Wallahi in aka kwance ta, ko ni ban san yadda na haɗa ta ba." Wani tsoho ya ce a tara samari su ɗaga ta. Rushe katanga kuwa ba wanda ya iya furtawa, don gumin unguwa ne, kuma Yaya ne ya kira gayyar, ga shi tsaye. Ni dai ina ta duban fuskoki. Sai na lura ba wanda ya yi mamaki. Kowa kunya yake ji.

Yaya ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ku ba ni diga. Ni na ce a raina wannan ba za ta ƙara taka ƙasa ba. Tunda ta ƙaryata ni, ni zan buɗe mata." Shi ya fara sara. Waɗanda suka gina su suka rushe, suna yi suna tsokanar juna, "Kai ma ka gani ka yi shiru!" Muka sake dama fura. Motar ta isa Dungu a kan lokaci, kuma tun daga shekarar maigida bai ƙara ɗaure jakar cin rani ba.

Bayan an kwana biyu na tambaye shi, "Malam, tsakaninka da Allah, da ka dawo ba ka ga katangar nan ta rufe ta ba?"

Ya yi dariya. "Tun daga bakin zaure na gani. Ni ma ban yi zaton za ta tashi ba. Ina ta gyara ne don kada ki karaya."

Har yau in na tuna sai kaina ya ɗaure. Mai motar bai yarda da ita ba, mai gyaran ma ashe haka, unguwa kaf ta yi mata kara ne kawai. Ni kaɗai da ban san komai a kan mota ba nake kasa kunne kullum ina jiran ta. Ban sani ba ko wauta ce, amma dai mijina a gida yake shan ruwan azumi.